Jagoran Kallon Tsuntsaye A Bakolori

Baƙi kan biya kuɗi a kai su gandun daji irin na Gashaka-Gumti don kallon tsuntsaye, jagora yana faɗa musu sunayensu. A ƙasar Mafara da Maradun kuwa, inda aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ɗalibin Hausa mai neman sunayen tsuntsaye ba shi da jagoran da ya wuce masunci ko manomin shinkafa. Su suka san zalɓe da dinya da kirinjijiya, da janbaki mai cinye gona kafin girbi. Shamuwa, wadda kan taso daga kudancin Afirka, zuwanta ke shaida musu damina ta ƙarato. Gauraka kam ta yi wuyar gani, sai dai dattawa su kwatanta kukanta.