Lafiyar mace bayan tsayawar haila



Haila tana tsayawa ga yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55. Wannan ba ciwo ba ne, girma ne. Amma daga nan gaban mace yana iya bushewa. Wata ta ji ƙaiƙayi, wata ta ji zafi in ta sadu da maigidanta. Dalili shi ne, sinadarin da ke sa wurin laushi ya ragu cikin jiki.

To, me za a yi? A wanke waje kawai da ruwa mai tsabta. Kada a cusa kanwa, ko sabulu, ko garin magani. Kada a yarda da yankan gishiri, yana jawo yoyon fitsari. Akwai man da aka yi don wannan bushewa, a tambayi ungozomar likita.

In haila ta tsaya wata 12, sannan jini ya dawo, kada a jira. A tafi likitar Barmu. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura mace babban asibitin Tawa.

Kunya ba ta maganin ciwo. Allah ya ba mu lafiya.