Kafin A Sa Hannu A Kwano: Jan Kunne Ga Masu Cin Abinci A Rumfunan Dantchiao

A da, magidanci ya zauna a rumfar mai tuwo ya ci abinci a garinsu abin magana ne. Sai a ce ko uwargida ta yi yaji, ko kuwa rumbu ya yi ƙasa. Matafiyi da gwauro ne aka sani da tuwon saye. Yau zamani ya juya. A Dantchiao da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, ranar kasuwa ba ta cika sai an ci wani abu a waje: manomi ya sayar da wakensa ko riɗinsa ya ja abokai zuwa wurin mai balangu, ɗan kabu-kabu ya karya a teburin mai shayi, wanda ya kawo iyali awo likita ya tsaya da su a rumfar mai shinkafa da wake kafin su kama hanyar ƙauye. Ga kuma fatake masu bi ta nan zuwa Baɓura, ko zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci kowace Alhamis. Babu aibu a cikin wannan. Sana'a ce da ke riƙe da gidaje masu yawa, mafi yawansu na mata, zumunci ne kuma a ce wa aboki taho mu ci.

Sai dai yankinmu ya san abin da ciki ke iya jawowa. A shekarar 2021 amai da gudawa ta kama mutum fiye da 5,500 a Nijar, ta kashe sama da 160, kuma jahar Damagaram na cikin inda ta taɓa. A ƙetaren iyaka abin ya fi muni: Najeriya ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu a shekarar, fiye da 3,600 suka rasu, Jigawa da Kano suna sahun gaba. Kafin nan, a 2018, ta ɓarke a Madarunfa cikin jahar Maraɗi, nan ma a bakin iyaka. Cutar ba ta tsayawa a shingen duwan. Inda mutane ke kai da komo suna ci a kwano guda, nan take bi.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, mafi yawan lokaci ba daga tukunyar da ke kan murhu cuta ke fitowa ba. Wuta na kashe kusan duk ƙwayoyin da ke kawo gudawa muddin zafin ya ratsa abincin har ciki, wato ya kai maki 70 a ma'aunin zafi. Ƙosan da aka tsame daga mai a gabanka, wainar da ta fito daga tanda tana tururi, tuwon da aka kwashe yanzu da miyar kuka tana ɓararraka, waɗannan sun fi aminci ko da rumfar ta zana ce kuma bencin ya karye ƙafa ɗaya. Haɗarin yana cikin abubuwan da ke kewaye da tukunyar, waɗanda ido ya saba da su har ya daina ganinsu.

Na farkonsu shi ne kwanon wanke hannu. Kowa ya san shi: roba guda da ruwa a ciki, an ajiye a bakin tabarma tun hantsi. Mutum na farko ya tsoma, na biyu ya tsoma, kafin azahar ruwan ya yi kauri, mai na yawo a samansa, ga guntun shinkafa a ƙasa. Wanda ya fito daga cinikin awaki ya sa hannu, wanda ya kewaya bayan kasuwa ya dawo ba sabulu shi ma ya sa, sannan kai ka zo ka tsoma naka da na yaronka, ka ce ka wanke hannu. Ba ka wanke ba, ka karɓi rabonka ne daga hannun kowa. Gyaran abin kuwa ba ya cin kuɗi. Buta ce da sabulu, ko da ɗan gutsure ne, wani ya zuba maka ruwan ya gangara ƙasa. Kusan babu rumfar da ba ta da butar alwala. Ka ce, "Inna, don Allah a ba ni buta," ba wanda zai ji haushi. In sabulu ya faskara, toka mai tsabta ta fi babu.

Haka kwanukan cin abinci. Leƙa bayan mai abincin ka ga inda ƴar aikinta ke wanke-wanke. In baho ɗaya ne tun safe, ana tsoma kwano a fitar a sake zuba wa wani, to zafin abincin ma ba lalle ya cece ka ba. Ba mugunta ke sa su hakan ba. Ruwa saye ake yi a jarka, ribar kuma ba ta taka kara ta karya ba, kowace jarka daga cikin ribar take fita. Amma mai saye yana da iko fiye da yadda yake zato. Ranar da masu ciniki suka fara wuce rumfa suna zama a ta kusa saboda can akwai baho biyu, na sabulu da na ɗauraya, ba sai duba-gari ya zo ba.

Sai abin sha, wanda a ganina ya fi komai haɗari a lokacin zafi. A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana na haura maki 40, maƙogwaro ya bushe, mutum ba ya tambayar komai in ya ga sanyi. Zoɓo, lamurje, kunun aya, fura da nono da aka dama da ƙanƙara, duk ba su sake ganin wuta bayan an sirka su. Mutane da yawa sun ɗauka sanyi na kashe cuta. Ba ya kashewa, ajiye ta yake yi. In da ruwan rijiya marar murfi aka yi ƙanƙarar, abin da ke cikin rijiyar yana nan har ta narke a cikin furarka. Ga moɗa guda a bakin randa da kowa ke kai wa baki ya mayar. Nonon da ba a tafasa madararsa ba kuma yana iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin nan mai naci da ke sa dabbobi ɓari.

Akwai wani darasi daga Kano da bai kamata a manta ba, tunda kayan haɗin lemo da yawa daga can suke shigo mana. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano suna amai, wasu suna fitsarin jini, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da aka sayar musu a matsayin ɗan tsami. Gwamnatin jahar ta ce mutum 10 sun rasu, kimanin 400 sun kwanta. Hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta binciko cewa wani sinadarin masana'antu ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Masu haɗa lemon ba su san abin da suka saya ba. Duk garin da aka ƙulla a leda ba suna ba kwanan wata, mai sayarwa ma bai san daga wane buhu ya fito ba, bai cancanci a zuba shi a abin da yara za su sha ba.

Kwaɗon zogale da na rama, latas da tumatir da kabeji da ake yankawa a kan dambu ko garau-garau, su ma ɗanyu ne ko kuma sun huce tun tuni. Lambunan fadamunmu albarka ne, amma da taki ake noma su, kuma ɗauraya ɗaya a ruwan da aka wanke wasu ba ta isa ba. In kana tare da ƙaramin yaro ko mai juna biyu ko tsoho, ka ce a bar ganyen, a ƙara wake.

Batun kwantai ya fi wuyar ganewa, don ba a ganinsa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, saboda tsakanin maki 5 da maki 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Kula mai riƙe zafi tana yaudarar mutane a nan: shinkafar da aka zuba da safe, in la'asar ta yi ba zafi gare ta ba, ɗumi ne, ɗumin nan kuwa shi suke so. Shinkafa da taliya suna da wata matsala ta daban. Akwai ƙwayar cutar da ke jure dahuwa, in abincin ya daɗe a ɗumi sai ta saki dafi, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafin. Shi ya sa mutum kan ci shinkafar da ba ta yi wari ba, ba ta yi yauƙi ba, bayan awa kaɗan amai ya turnuƙe shi. Dabara mai sauƙi: ka ci inda ake layi, a lokacin da ake layin. Tukunyar da ke ƙarewa da wuri ba ta kwana.

Nama kuma a duba shi a tsakiya. Balangu ko tsiren da bayansa ya soyu cikinsa na jini a mayar da shi kan wuta. Wanda aka gasa tun rana aka jera a tire, ƙuda na sauka yana tashi, ka ce, "Malam, ɗan mayar mini da shi ya yi zafi," ka tsaya ka gani. Ka lura da wuƙa da katako: in da su ake yanka ɗanye da gasasshe, aikin wutar ya tashi a banza. Sarkin pawa da ma'aikatan dabbobi suna da aikin duba abin da aka yanka, naman da araharsa ta yi yawa kuwa ya kamata a tambayi dalili. Yajin ƙuli ma ba a bar shi a baya ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta sannu a hankali, tuya ba ta kashe shi. Yajin da ke ɗaci ko warin ruma, a ture shi. Wake kuma, da muke nomawa da yawa, wasu na zuba masa fiya-fiya don ƙwari. In kwanon wake ya bugo ka da warin magani, kada ka ce ai ka riga ka biya.

Abin da ke hana mu duk wannan ba jahilci ba ne, kunya ce. Aboki ya saya maka, ya za ka ce a mayar? Mai abincin ƙawar gyatumarka ce, ya za ka leƙa bahonta? Suruki ya miƙo moɗa, ya za ka ƙi? Kunya adon Bahaushe ce, ban musa ba, amma wanda ya gayyato mutane shi ya kamata ya ɗauke musu wannan nauyi. Shi zai fara neman buta, shi zai ce a kawo mai zafi, shi zai sayi ruwan da ya amince da shi, sai baƙin su bi ba tare da kowa ya ji an muzanta shi ba.

Yara ne suka fi biyan kuɗin sakacinmu. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta nuna mutum miliyan 600 ke rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, daga cikinsu 125,000 yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. A nan ba sai an kawo mana lissafi daga nesa ba. Ƙungiyar likitocin MSF ta fara aiki a Magarya a 2005, kuma duk wanda ya taɓa shiga sashen yara na asibitin garin a tsakiyar damina, lokacin da tamowa da zazzaɓin sauro ke haɗuwa, ya san yadda gudawar kwana biyu ke kayar da yaron da dama ba shi da jiki. Loma ɗaya da babba zai ci ya yi ɗan murɗar ciki ya warke, ita ce za ta kwantar da na goye.

In abin ya faru, kada a fara da neman kafso a teburin mai magani, kuma kada a hana marar lafiya ruwa da sunan tsayar da gudawa. Ƙarewar ruwan jiki ke kisa. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In akwai na fakiti a haɗa shi yadda aka rubuta. In babu, a tafasa ruwa lita 1 ya huce, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yara ana haɗa musu da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, ana samunta a likita. In gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko ta zo da jini, ko idanu suka faɗa, ko yaro ya kasa sha, a kama hanyar likita ko da tsakar dare ne, ana tafe ana ba shi ruwan, don amai da gudawa na iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin awoyi. Zazzaɓin da ya ƙi sauka bayan mako ɗaya zuwa uku da cin wani abu yana iya zama taifot, wadda kan huda hanji in aka yi ta jinya a gida.

Idan kuma mutum biyu ko uku da suka ci a wuri ɗaya suka kwanta a rana ɗaya, a gaya wa ma'aikacin lafiya inda aka ci da abin da aka ci, a sanar da mai gari. Ba tonon asirin mai abincin ba ne. Sau da yawa laifin na rijiyar da ta ɗebo ruwa ne, kuma rabin unguwa daga wannan rijiyar suke sha.