Kafin In Mutu, Ina So In...

 Yau na zo muku da maganar da ba mu cika son a ɗauko ta ba, wato maganar mutuwa. Na san wata za ta ce, “Kai, wannan baiwar Allah, da hantsin nan?” Ki yi haƙuri 'yar uwa, ki gyara zama. Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa, to rigar da babu makawa sai an sa ta, ai bai kamata a ƙi duban ta ba.

Akwai wasu mutane a duniya da sana'arsu ita ce zane da sassaƙa da haɗa abubuwa don mai kallo ya tsaya ya yi tunani. Su ake kira masu fasahar zamani. Ba kamar masu zanen da can ba, su na yanzu kome suka samu suna iya aiki da shi: tsummokara, alli, bango, har ma da sauti. Uku daga cikinsu zan ba ku labari, don kowannensu ya ɗauki mutuwa ya ajiye ta a gaban jama'a, ya ce ku duba.

Na farko wani Bature ne ɗan Ingila, sunansa Damiyen Hast. Ya samo ƙoƙon kan wani mutum da ya mutu tun shekaru ɗari biyu da wani abu, ya sa aka zuba irinsa da wani ƙarfe mai tsadar gaske da ake kira filatinam. Daga nan aka manna masa duwatsun daiman guda 8,601, aka kuma mayar masa da haƙoran mamacin na ainihi. A shekarar 2007 aka baje shi a Landan, aka yi masa kuɗi fam miliyan 50. Mutane suka yi ta bin layi suna kallo. Wasu suka ce almubazzaranci ne kawai, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ki lura da wani abu: duk walwalin nan, idan kika ƙura masa ido, ramin ido biyu ne da haƙora ke kallon ki. Daiman bai mayar wa mai kan nan da numfashi ko ɗaya ba. Ke nan sarƙar gwal da ɗankunne da muke ta tashin hankali a kansu, nan za mu bar su.

Na biyu ɗan Faransa ne, Kiristiyan Boltanski. A shekarar 2010 ya shiga wani makeken zaure a birnin Faris, ya tara tsofaffin tufafi tsibi guda kamar dutse. A sama ya rataya injin ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe. Sai injin ya sauko ya damƙi wasu riguna, ya ɗaga su sama, ya sake su. Ba ya zaɓe, ba ruwansa da ta yaro ko ta babba, sabuwa ko tsohuwa. Duk wadda ta taɓa zama aka buɗe akwatin mahaifiyarta bayan rasuwa, ta ɗauki zane ta ji ƙamshin turarenta yana nan, ba sai an yi mata bayanin wannan aiki ba. Tufa tana nan, mai ita ba ta nan.

Shi dai wannan mutum, tun 2008 ya soma naɗar bugun zuciyar mutane yana adanawa. A 2010 aka buɗe wani ɗan gida a tsibirin Teshima na ƙasar Jafan don ajiye su. Idan ka shiga, ɗaki ne mai duhu da ƙwan lantarki guda, yana kamawa yana ɗaukewa daidai da bugun zuciyar da ake sakawa. Da yawa daga masu zukatan nan sun riga mu gidan gaskiya. Shi kansa Boltanski ya mutu a watan Yulin 2021. Ɗora hannunki a ƙirji yanzu, ki ji. Wannan bugun da kike ji, ƙidayayye ne.

Ta uku mace ce, kuma labarinta ya fi taɓa ni. Sunanta Kandi Cang, 'yar Amurka ce, iyayenta mutanen Taiwan. A 2009 wata mata da ta ɗauke ta tamkar uwa ta rasu ba zato ba tsammani, ga buri da yawa ba ta cika ba: tana so ta koyi kiɗan fiyano, ta zauna a Faris, ta ga tekun Fasifik da idonta. Abin ya tsaya wa Kandi a rai. A unguwarsu a birnin Niyu Oliyans, inda mahaukaciyar guguwar Katirina ta yi ɓarna a 2005, akwai wani kango da ba mai shiga. A 2011 ta nemi izini, ita da ƙawayenta suka shafe bangon da baƙin fenti, ya zama kamar allon makarantar boko. Ta rubuta jimla ɗaya sau da yawa, ta bar ƙarshenta a buɗe: “Kafin in mutu ina so in...” Ta ajiye alli ta tafi.

Kashegari bango ya cika maƙil. Wani ya ce yana so ya dasa itace. Wani yana so ya ga ranar da 'yarsa za ta sauke karatu. Wani kuwa cewa ya yi yana so ya sake rungumar wadda ya rasa, ko da sau ɗaya. Maƙwabtan da ba sa ko gaisawa suka riƙa tsayawa suna karanta na juna. Daga nan abin ya bazu, har aka yi irin wannan bango sama da 5,000 a ƙasashe fiye da 70.

To me ya haɗa mu da su, mu da muke cikin gida? Ga abin da ya haɗa mu. Ina da gwaggo, Allah ya jiƙanta, ita ce uwar adashin unguwarsu, mata goma sha biyu ke zubi a wurinta. Ba ta rubutu, kome a kai yake. Ranar wata Laraba ta ce kanta na ciwo, kafin la'asar an yi mata sutura. Ba a kai ga sadakar bakwai ba rigima ta tashi: wa ta kwasa, wa ba ta kwasa ba, nawa ke ƙarƙashin katifa, nawa aka ranta wa wa. Matar da ta yi shekara ashirin ba a taɓa kama ta da kwabon wani ba, sai ga sunanta a bakin mutane. Ba ha'inci ta yi ba, ɗauka ta yi da sauran lokaci.

Don haka 'yar uwa, ba sai kin sami bango ba. Yau da dare, in yara sun kwanta, ɗauki takarda da biro, ko ki kira ɗiyarki ta rubuta miki, ko da ajami ne. Ki fara da bashi: wa ke bin ki, wa kike bi. Kayan wa ke ajiye a ɗakinki? Sannan ki cika jimlar nan da kanki. Wataƙila so kike ki koma Islamiyya ki iya karatu. Wataƙila abokiyar zamanki ce kuka yi wata uku ba ku magana, ga ƙofa na kallon ƙofa. Wataƙila ƙanwarki ce a wani gari kike ta cewa sai bayan salla. Wanda za a iya yi gobe, a yi shi gobe. In na yau ne, kada a kai shi goben.

Tuna mutuwa ba ya jawo ta, mantawa da ita kuma ba ya korar ta. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da kyau da imani. Sai mako mai zuwa idan rai ya kai mu. Ku huta lafiya.