Ko Kun Sani?

Maɓallin gen da ke jikin amfulifayar mota ba na ƙara murya ba ne. Aikinsa daidaita amfulifaya da ƙarfin siginar da rediyo ke aiko mata. In aka murɗa shi ya wuce kima, sai sauti ya fara karcewa, zaren tagullar cikin sifika ya ɗau zafi har ya ƙone.

Wajen saita gen, masu gyara sukan cire wayar sifika, su kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, su kunna sautin gwaji, sannan su ɗora mitar auna bolt a kan amfulifaya suna murɗa gen a hankali. Amfulifaya mai wat 100 da sifika mai om 4, a bolt 20 ake tsayawa.