Kaki ko Sifana: Shawarar da Ke Gaban Matashin Kura

Shirinmu na musamman na yau ya nufi yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yake bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir.

Ƙasar noma ce, amma ƙarar inji ba ta yankewa a cikinta. Ga injin ban ruwa, ga tarakta, ga injinan casar shinkafa a cikin garin Kura, ga manyan motoci suna lodin tumatir a Kwanar Gafan. Ba mamaki yaron da ya tashi a nan ya ƙwallafa rai a kan gyaran mota. To, sai ya gama sakandare, shawara ta rabu biyu. Kawu ya ce, "Ɗana, shiga soja, a can ma ana koyar da kanikanci, ga albashi duk wata." Yaya kuma ya ce, "Ƙanena, nemi makarantar koyon sana'a ka riƙe abin hannunka."

Maganar kawu tana da tushe. Rundunar sojan ƙasa tana da sashen injiniyoyin lantarki da kanikanci, kuma makarantarsu tana Auchi a Jihar Edo. Su ne masu gyaran motocin sulke da manyan motocin ɗaukar dakaru. Sai dai kurtu ba ya zaɓar wa kansa sashe. Zai fara da horo na wajen wata shida a Zariya, a sansanin da aka kafa tun 1924, daga nan rundunar ce za ta duba inda take da buƙata. Yana iya samun kansa a gareji, yana kuma iya samun kansa a Borno ko dazukan Zamfara da bindiga a kafaɗa. Aikin ƙasa ne mai daraja, amma wanda ya shiga domin sifana kaɗai, ya san cewa ba a yi masa alkawarinta ba. Kuma ba a ajiye kaki ranar da aka ga dama.

Akwai wata ƙa'ida a sanarwar ɗaukar kurata da mutane ba su cika lura da ita ba. Wanda ba shi da sana'a ana ɗaukarsa ne daga shekara 18 zuwa 22. Mai takardar shaidar sana'a kuwa har zuwa 26. Ke nan sana'a ba ta rufe ƙofar bariki, ƙara mata wa'adi ma take yi, kuma mai ita ya fi kusa da a tura shi inda hannunsa ya saba.

Mu koma kan ita sana'ar. A Turai da Dubai, saita inji na nufin ƙara wa mota gudu. A nan gida, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, abin da mai mota yake roƙon bakanike shi ne, "Oga, rage mata shan mai." Motar da ba ta da kafireto kuwa ba a saita ta da kunne da sukudireba. Kwamfutar da ke cikinta ce take auna iska da mai, kuma motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, waɗanda da dama daga cikinsu suke ƙarewa a titunanmu a matsayin gwanjo, suna da kafar da ake jona na'urar bincike ta faɗi inda ciwon yake. Na'urar da lambobi da Turanci take magana. A nan ne yaron garejin da bai yi karatu ba yake tsayawa cak, komai ƙwarewarsa wajen sauke inji. Ga kuma sabon aikin mayar da mota mai amfani da iskar gas, wanda kuskure kaɗan a cikinsa yana iya cin rai.

Makaranta ita kaɗai ma ba ta wadatarwa, gaskiya. Kwalejojin fasaha na gwamnati, irin ta Bagauda da ta Wudil, suna kai ɗalibi ga jarrabawar NABTEB, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya kuma tana ba da shaidar gwajin sana'a mataki uku. Amma ɗalibin da bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota a Ƙofar Ruwa ba, bai san kayan gyara na gaske da na jabu ba, bai kuma san yadda ake ciniki da direban da kayansa ke ruɓewa a rana ba.

A ganinmu dai, matashin da inji ne a ransa ya fara da sana'ar: aji da safe, gareji da yamma, lokacin noman rani kuma ya gyara injinan ban ruwan maƙwabta ya haɗa kuɗin na'ura. In ya karɓi takardarsa yana ɗan shekara 21 ko 22, kuma har yanzu kaki na ba shi sha'awa, sai ya nema a matsayin mai sana'a. Neman ta intanet ake yi, kuma kyauta ne, don haka duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi, a kai maganarsa ga hukuma.