Ladan Mai Reno Idan Iyali Sun Ƙetare da Ita Lokacin Hutu

Daga cikin al'amuran da ke tasowa a gidajen Hausawa mazauna ƙasashen waje, waɗanda kuma ba kasafai ake zama a tattauna su a fili ba, akwai batun abin da ya kamata a biya mai reno idan iyali suka ƙetare iyaka da ita a lokacin hutu. Mai reno a nan ita ce macen da aka ɗauka aikin kula da yara a kan lada, ko tana kwana a gidan ko tana zuwa da safe ta koma da yamma. Tafiyar kuwa fuska biyu gare ta: akwai iyalin da ke zaune a Landan ko Birmingham ko unguwar Bronx ta New York, waɗanda kan zo ganin gida Kano ko Zariya ko Damagaram a dogon hutun makaranta ko a ƙarshen shekara, sannan akwai iyalin da ke zaune a Abuja ko Kaduna, waɗanda kan fita Dubai ko Ingila ko Umrar watan azumi su sauka wajen 'yan uwansu, tare da yarinyar da ke riƙe musu yara.

A duka fuskokin biyu tunani ɗaya ne yake yawan rinjaya, shi ne cewa tafiyar kanta ta isa lada. Akan ce ai an hau da ita jirgi, an kai ta ta ga duniya, ko an kai ta ta yi ɗawafi, abin da iyayenta ba su taɓa mafarkinsa ba, don haka alheri aka yi mata. Masu faɗin haka sau da yawa ba mugaye ba ne, kuma gaskiya ne cewa wata yarinyar takan yi murna da tafiyar har ta rasa bakin godiya. Amma tikiti da biza da ɗakin otal da abinci kuɗi ne da iyali suka kashe domin biyan buƙatarsu ta samun mai riƙe musu yara a inda za su je, ba abu ne da ita za ta iya aika wa mahaifiyarta ko ta ajiye domin kayan ɗakinta ba, kuma ba ita ta zaɓi garin da aka je ko ranar da aka tashi ba. Wanda ke hutu a wannan tafiya shi ne maigida da uwargida, ita kuwa wurin aiki kawai aka sauya mata.

Hasali ma aikin ƙaruwa yake yi. A gida yara suna tafiya makaranta da Islamiyya, abin da ke ba mai reno sa'o'in sararawa, amma a hutu suna tare da ita daga asuba har dare, ga shi bambancin agogo tsakanin ƙasashe ya rikita musu barci, ga sauyin abinci da na yanayi da kan jawo zazzaɓi da rigima. A filin jirgi ita ce mai goyo da jan jaka, a cikin jirgi ita ce mai rarrashi, a masauki kuma yawanci ɗakin yara ake sa mata shimfiɗa, wanda ke nufin ko da dare tana bakin aiki. Idan ganin gida aka zo, hidimar biki da suna da ziyarar dangi takan sa a tara mata 'ya'yan 'yan uwa su ma ta duba su, ba tare da kowa ya lura cewa yara uku sun koma takwas ba. Ranar hutun da take samu a mako takan ɓace a cikin wannan hidima, domin ba ta san gari ba, ba ta da kuɗin ƙasar a hannu, ba ta kuma da wata ƙawa ko 'yar uwa da za ta je wa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne akasarin Hausawa suka tashi a kansa, ya yi bayanin wannan mu'amala a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki ko hayar amfanin wani abu a kan lada. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, da ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Kumasi, ya gindaya cewa a ambaci lada kuma a san wa'adi, domin jahilcin ɗayansu yana ɓata ƙullin, idan kuwa aka riga aka yi aikin a kan ƙulli ɓatacce, malamai kan koma ga ujratul misli, wato ladan da ake biyan irin wannan ma'aikaci a irin wannan aiki. Alƙur'ani ma a Suratu Ɗalaƙi ya yi umarni da a biya ladan shayarwa ko da mai shayarwar mahaifiyar yaron ce da aka rabu da ita. Saboda haka al'adar nan ta cewa "in mun dawo za a yi miki ihsani" ba ta da madogara mai ƙarfi, domin ihsani da tukwici da tsaraba duk kyauta ne da ke zuwa bayan an sauke hakki, ba su zama madadinsa.

Inda rikicin ya fi tsanani shi ne wajen mai renon da aka ɗauko daga Nijeriya ko Nijar aka shiga da ita ƙasar Turai, saboda tazarar da ke tsakanin albashin can da na nan. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, kuma dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, wanda ya sa gidaje suka fita daga cikinta, 'yan aiki da yawa kuma suna karɓar abin da bai kai haka ba. A Birtaniya kuwa, a ƙa'idar Afrilun 2025 mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama ya kasance fam 12.21 a awa ɗaya, don haka aikin awa 40 a mako ya kama fam 488.40, kuma a canjin shekarar 2025, lokacin da fam ɗaya ke zagayen naira 2,000, ladan awa huɗu a Landan ya zarce mafi ƙarancin albashin wata guda a Kano. Wannan lissafi ne ke sa iyalai da yawa su ga kamar hauka ne a biya yarinya da ma'aunin Ingila, alhali dokar ƙasar ba ta bar musu zaɓi ba.

Bizar da Birtaniya ta ware wa ma'aikatan gida masu rakiyar iyayen gidansu ba ta wuce wata shida, kuma ana ba da ita ne ga wadda ta kai shekara 19, ta kuma yi wa wannan gida aiki na aƙalla shekara ɗaya kafin tafiya, tare da rubutacciyar yarjejeniya da ke tabbatar da cewa za a biya ta mafi ƙarancin ladan ƙasar. Wajibi ne shi ma uban gidan ya kasance baƙo mai ziyara, wanda ke nufin iyalin da suka riga suka zauna a Ingila ba za su iya kawo 'yar aiki daga gida ta wannan hanya ba, bizar ziyara kuma ta haramta aiki. A 2012 an ɗaure wannan biza da sunan uban gida ɗaya, ta yadda wadda ta gudu daga gidan da ake cutar da ita takan rasa izinin zama, sai a 2016, bayan binciken da lauya James Ewins ya gudanar da kuma fafutukar ƙungiyoyi irin su Kalayaan ta Landan, aka ba ma'aikaciya damar sauya gida a cikin watanni shidan. Wani sauyi da ya shafi Hausawa kai tsaye ya zo a ranar 1 ga Afrilun 2024, lokacin da aka soke togaciyar da ke yafe biyan mafi ƙarancin lada ga ma'aikacin da ke zaune a gida ana ɗaukarsa tamkar ɗan gida. Daga wannan rana, hujjar cewa "ai ɗiyarmu ce, tare muke ci tare muke kwana" ta daina aiki a gaban hukuma. Abin da doka ta yarda a lissafa na masauki bai wuce fam 10.66 a rana ba a ƙa'idar 2025, abinci kuwa ba ya shiga lissafin lada ko kaɗan.

Amurka ma tana neman rubutacciyar yarjejeniya kafin ta ba ma'aikaciyar gida bizar rakiya, kuma ladan da za a rubuta shi ne mafi yawa tsakanin mafi ƙarancin albashi da abin da aka saba biya a yankin. Jihar New York tun 2010 ta yi dokar da ta wajabta hutun kwana ɗaya a mako da ƙarin lada bayan awa 40, ko awa 44 ga mai kwana a gida. A Daular Larabawa dokar ma'aikatan gida ta 2022 ta tanadi hutun kwana ɗaya a mako da hutun awa 12 a kowace rana, takwas daga ciki a jere. Yarjejeniya mai lamba 189 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2011 ta tattaro irin waɗannan ƙa'idoji wuri ɗaya, har da hakkin ma'aikaciya ta riƙe fasfonta a hannunta, kuma ko a ƙasashen da ba su rattaba mata hannu ba tana da amfani a matsayin ma'aunin adalci.

Ɗaya fuskar, wato mai renon da ke aiki a Landan ko New York aka zo da ita Nijeriya, jarabawarta daban ce. Nan iyali kan ce rayuwa ta fi sauƙi a gida, ga 'yan uwa masu taimako, don haka a rage mata lada, sun manta cewa kuɗin hayar ɗakinta da sauran ɗawainiyarta suna can suna tafiya da fam ko dala ko tana nan ko ba ta nan. Dokar Birtaniya tana bin duk wanda ya saba aiki a ƙasar ko da an fita da shi na ɗan lokaci, amma dokar tarayyar Amurka ba ta hawa kan makon da aka yi aikinsa gaba ɗaya a wata ƙasa, saboda haka a wannan hali yarjejeniyar da aka rubuta da amanar da ke tsakani su ne kariyar ma'aikaciya. Akwai kuma wadda ake bari a baya tsawon makonni shidan hutun bazara ba tare da ko kwabo ba, a kuma sa ran samunta tana jira idan an dawo. A Birtaniya ma'aikaci yana da hutun mako 5.6 a shekara da cikakken lada, uban gida kuma yana iya daidaita shi da lokacin tafiyarsa idan ya ba da sanarwa da wuri, amma abin da ya haura wannan, matuƙar an yi alkawarin sa'o'in aiki a mako, nauyinsa yana kan wanda ya yi tafiyar.

Ƙayyade lada mai adalci ba abu ne mai wuya ba idan aka zauna kafin a sayi tikiti. Tushensa shi ne albashinta na kullum ba tare da ragi ba, ko mafi ƙarancin ladan ƙasar da za a je idan ya fi yawa, sannan a lissafa kowace awa da yara ke hannunta, har da sa'o'in filin jirgi da na cikin jirgi, a kuma sa ƙari a kan abin da ya wuce sa'o'in da ta saba. Kwana da yara yana buƙatar nasa ladan dabam, kuma ƙa'idar ma'aikatar ƙwadago ta Amurka tana da kyau a yi koyi da ita a nan: ana iya cire awa takwas na barci daga lissafi idan an yi yarjejeniya kuma akwai makwanci mai kyau, amma idan tashin yara ya hana ta samun barcin awa biyar, to daren gaba ɗaya ya zama aiki. Biza da allurar shawara da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da inshorar lafiya da layin waya duk na iyali ne, haka nan ɗan kuɗin kashewa na yau da kullum da kuɗin ƙasar da aka sauka. Idan da naira za a biya, ya kamata a ambaci canjin da za a yi amfani da shi da ranar biya, domin tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta faɗi daga kimanin 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala ɗaya cikin ƙasa da shekara, alkawarin da aka jinkirta kuma kan iso hannun mai shi ya riga ya zaizaye. Sannan a ba ta damar ta ce ba za ta je ba, ba tare da ta rasa aikinta ba.

Mafi raunin kowa a wannan lamari ita ce yarinyar da ba a kira ta ma'aikaciya ba tun farko, wato 'yar riƙo ko 'yar dangi daga ƙauye, ko wadda dillaliya ta kawo ake miƙa albashinta ga dillaliyar ko ga iyayenta. Riƙo tsohuwar al'ada ce da ta raya marayu da yawa ta kuma aurar da su, amma idan yarinya ce ke reno da wanke-wanke yayin da 'ya'yan gida ke makaranta, to aikatau take yi, kuma hakkin ma'aikaci ya hau kan masu riƙon. Dokar Nijeriya ta hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, a Birtaniya kuma kawo mutum a riƙe fasfonsa a sa shi aiki ba lada yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar yaƙi da bauta ta 2015. Tsakanin Nijeriya da Gana, inda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga na kwana 90 ba tare da biza ba, babu wani jami'in da zai nemi ganin takardar aiki idan aka tafi da yarinya zangon Kumasi ko Nima a Akra, duk da cewa Gana ta fitar da ƙa'idojin ma'aikatan gida tun 2020 waɗanda suka tanadi rubutacciyar yarjejeniya. A irin wannan hali masu masaukin baƙi, da limaman masallatan Hausawa, da shugabannin ƙungiyoyin mata a can su ne kaɗai ke ganin yarinyar ido da ido, su ne kuma ke da matsayin da za su iya tambayar baƙinsu nawa aka yanka mata, a hannun wa fasfonta yake, da ranar da za ta huta a cikin makon.