Ranar da Aka Kashe Sabis: Wa Ke Riƙe da Makunnin Wayarka?

Mai tumatir a Hunƙuyi, dillalin rake a Maƙarfi, mai shagon POS a Ikara, duk cinikinsu yanzu a waya yake farawa. Da ita ake jin farashin Kano da Legas kafin a loda mota, da ita ake tura kuɗi. Sai dai kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar kansu: wannan sabis ɗin da muka dogara da shi, wa ke da ikon kashe shi? Shekarar 2021 ta ba mu amsa.

A farkon Satumban shekarar, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle. Ba a jima ba aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtuwa, sannan wasu sassan Sakkwato. A ƙarshen watan, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ɗauki irin wannan mataki a yankunan Kaduna da 'yan bindiga suka addaba, irin su Birnin Gwari da Giwa, maƙwabciyar Kudan. Sai a ƙarshen Nuwamba aka maido da sabis a jihar.

Dalilin gwamnati a fili yake. Da waya ɗan bindiga ke jin inda sojoji suka nufa daga bakin infoma, da ita yake cinikin kuɗin fansa. In an toshe masa baki da kunne, a ganin hukuma, an karya masa ƙafa.

Yadda ake kashe sabis

Wayarka ba ta magana da wayar abokinka kai tsaye. Ƙarfen sabis mafi kusa take nema, shi ya miƙa kiran zuwa cibiyar kamfani, daga can a nemo ƙarfen da ke kusa da abokin. Kowane ƙarfe kuwa ana iya kashe shi daga ofis, ba sai an taka ƙauyen ba.

Nan ne bambancinsa da rufe Twitter da gwamnatin Buhari ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A wancan karon ƙofa ɗaya aka kulle, matasa suka sauke manhajar VPN suka zaga ta baya. In ƙarfen ne aka kashe, babu hanyar da za a zaga. VPN ba ya aiki, kira ba ya shiga, lambobin banki masu farawa da tauraro ba sa tafiya, na'urar POS ta koma abin ado.

Tsohuwar kokawa ce

Tun kafin a san lantarki a sadarwa ake wannan tirka-tirka. A Faransa, gwamnati na da jerin hasumiyoyi masu hannuwan katako da ke miƙa saƙo daga gari zuwa gari. A 1834 wasu 'yan'uwa biyu, François da Joseph Blanc, suka ba wani ma'aikaci cin hanci a garin Tours, yana cusa alama cikin saƙonnin gwamnati don su riga kowa a Bordeaux sanin farashin hannun jari na Paris. Shekara biyu suna cin karensu babu babbaka. Da asiri ya tonu, a 1837 aka kafa dokar da ta hana kowa aika saƙo ta irin wannan hanya sai da izinin hukuma.

A Ingila kuma, a 1845, wani mai suna John Tawell ya yi kisa a kusa da Slough ya hau jirgin ƙasa zuwa Landan. Saƙon tangarahu ya riga jirgin isa, 'yan sanda suka bi sawunsa suka kama shi. Ka ga ke nan fasaha ba ta da ɓangare: mai laifi ya yi amfani da ita, hukuma ta ƙara damƙe ta, sauran jama'a su rayu da sabuwar dokar.

Wa ya ji a jikinsa?

A yankunan da aka katse, wanda aka kawo wa hari cikin dare ba shi da hanyar kiran agaji. Iyalai sun yi makonni ba labarin juna, wasu sai sun yi doguwar tafiya zuwa inda ake da sabis kafin su buga waya ɗaya. 'Yan bindiga kuwa jaridu sun ruwaito cewa na bakin iyaka sun koma layukan Nijar, wasu kuma suna aika wasiƙa ƙauyuka suna neman kuɗi. Wata huɗu bayan dawowar sabis a Kaduna, ranar 28 ga Maris 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, masu garkuwar suka riƙa fitar da bidiyon waɗanda suka kama. Idan giwaye suka yi faɗa, ciyawa ce ke shan wuya.

Ɗaya makamin hukuma shi ne rajista. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, a Afrilun 2022 kuma aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. A matsayina na mai rubuta manhaja, na san rumbun bayanai abin da aka zuba masa kawai yake faɗa. Zai nuna sunan wanda ya yi rajistar layi, ba zai nuna hannun da ke riƙe da wayar ba. Mai garkuwa yakan kira da wayar wanda ya kama, ko da layin da aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah.

Abin da ke hannunka

Kada ka ara wa kowa NIN ɗinka ya yi rajistar layi, ko da ɗan'uwa ne, domin ranar bincike ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI ta wayarka, mai alƙaluma 15, ka adana. In layinka ya ɓace, je ofishin kamfani a rufe shi ranar, ka kuma sanar da bankinka. Rubuta muhimman lambobi a takarda, kada ka zuba duk kuɗin cefane a manhaja.

Akwai kuma tambayoyin da ya dace mu yi wa 'yan majalisarmu tun kafin a sake: wa ke sa hannu a kashe sabis, na kwana nawa, kuma wa zai fito ya faɗa wa jama'a abin da aka samu? Makunnin da zai iya rufe bakin jiha guda ya kamata a san dokar da ke tsaron sa.